Malta: Ƙasar Da Albarushi Ke Yi Wa Waliyyai Kirari

A wannan mako filin namu zai haye teku zuwa wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke tsakiyar Bahar Rum, watau Malta, inda ake wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a kan ƙarar wasan wuta. Ƙasar tsibirai ce, kimanin kilomita 90 kudu da Sisili ta Italiya. Faɗinta duka murabba'in kilomita 316 ne, amma mutanen da ke cikinta sun haura rabin miliyan, saboda haka gari na jingine da gari, in aka yi tari a wannan sai a ji a wancan. Larabawa sun mulke ta daga shekarar 870 zuwa 1091, har yau kuwa harshensu daga Larabci ya samo tushe. Mutanen Kirista ne 'yan ɗariƙar Katolika, amma in za su ambaci Ubangiji "Alla" suke cewa.

Kowane gari a can yana da waliyyin da aka sa wa majami'arsa sunansa, kowace shekara kuma akan yi masa biki na mako guda wanda suke kira festa. Daga ƙarshen watan Afrilu har zuwa farkon Oktoba ba a rasa garin da ke biki. Akan ƙawata tituna da tutoci da fitilu, 'yan badujala su zaga gari suna busa, sa'an nan ranar ƙarshe ƙarfafan maza su ɗauko siffar waliyyin a kafaɗa su kewaya da ita. Ranar 15 ga Agusta, wadda suke kira Santa Marija, garuruwa da yawa ke yin nasu a lokaci guda, kamar Mosta da Mqabba da Qrendi da Gudja. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a kiyaye su, shekara guda kafin ta sa hawan Sallah na Kano.

Wasan wutar nasu iri-iri ne. Akwai na ƙasa, manyan ƙafafun katako masu juyawa suna feshin wuta a dandalin gari. A shekarar 2011 mutanen Mqabba sun ƙera wata wadda faɗinta ya kai mita 32, har ta shiga littafin Guinness. Akwai na sama mai launi-launi, wanda akan hau kan soraye da dare a sha kallo. Waɗannan biyu ba su cika jawo magana ba. Na ukun shi ne tushen rigima, watau ƙunshin albarushi da akan cusa cikin bututu a harba sama tun rana na tsaka, ba launi ba ado, sai hayaƙi da ƙara mai girgiza taga. Akan fara da safe wajen ƙarfe 8, a sake da tsakar rana, a kuma da yamma, sa'an nan na dare ya biyo baya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawa ya san ɗanɗanon abin, sai dai na Malta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma kafin na wannan gari ya ƙare na maƙwabta ya kama.

Me ya sa ƙarar ke ta ƙaruwa? Dalili shi ne gasa, wadda suke kira pika. A garuruwa da dama ƙungiyoyin badujala biyu ne, kowace da waliyyinta da ma'aikatarta ta wasan wuta, kowace kuwa so take a ce tata ta fi amo. Wani masani, Jeremy Boissevain, ya rubuta littafi sukutum a kan wannan hamayya tun 1965. Masu haɗa wutar 'yan sa kai ne. Sukan kwashe watannin sanyi suna auna sinadari da hannu ba da ko kwabo ba, don alfarmar garinsu kawai, kuma lalle gwanaye ne waɗanda duniya ta shaida.

Amma fa in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. A watan Satumba na 1984 wani jirgin sintiri na soja ya tashi da wuta a teku yayin da ya je zubar da kayan wasan wutar da aka kama, sojoji biyar da 'yan sanda biyu suka rasu. A 2008 kayan da aka ɓoye cikin unguwa a Naxxar suka fashe, mutum biyu suka rasu, gidaje suka rushe. A 2010 wata ma'aikata a Gharb ta tsibirin Gozo ta ci mutum shida. Ban da wannan, Farfesa Alfred Vella na Jami'ar Malta da abokan aikinsa sun gano ɓurɓushin sinadarin wasan wuta cikin ƙurar da mutane ke shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce ƙara mai zuwa farat ɗaya kada ta wuce ma'aunin desibel 140 ga babba, 120 ga yaro. A tuna da jariri, da majinyaci, da tsoho, da ma'aikacin da ya kwana a bakin aiki yana neman rintsawa da hantsi, balle dabbobi da ba su san biki ake yi ba.

Maganar ta taɓa kaiwa gaban Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam. Wasu iyali da gidansu ke kusa da gonakin da ake harba wutar suka kai ƙarar gwamnati. A watan Nuwamba na 2011 kotu ta ce ba a tauye musu haƙƙi ba, domin abin na 'yan kwanaki ne a shekara, akwai dokokin da ke tsare shi, kuma sun san da al'adar tun kafin su sayi gidan. Shari'a ta ƙare, amma ƙorafi bai ƙare ba, domin abin da doka ta yarje maka ba lalle ne maƙwabci ya yafe maka ba.

A ganin wannan fili, masu cewa a hana wasan ɗungum sun yi nisa, domin wanda ya raba Malta da wutar bikinta ya raba ta da abin da ke tara dangi, ya maido na ƙetare gida kowace shekara. Masu cewa kuma al'ada ce, kowa ya toshe kunnensa, su ma sun yi nisa. Gyaran yana ga lokaci da gwargwado. A tsai da sa'o'in harbi, a buga su a shelanta tun da wuri, a kuma cika alkawari, yadda mai jego za ta san lokacin rufe taga, mai jinya ya san lokacin kawar da majinyacinsa. A rage yawan na rana da girmansa, a mai da kuɗin albarushin ga na dare mai launi wanda kowa ke so. Ƙarar da mutum ya san da zuwanta rabin ƙara ce, wadda ta faɗo masa ba zato ita ce ke tsinka zuciya.

Al'ada takan daɗe ne muddin waɗanda ba sa cikin rawa suna haƙuri da kiɗan. Ran da haƙurinsu ya ƙare, hukuma ce za ta shigo da almakashi, ita kuwa ba ta san gwani ba, ba ta san ɗan koyo ba. Gara masu biki su auna wa kansu tun ba a auna musu ba.