"Ai hoto ne kawai": Maganar da ba zan yarda da ita ba

Ran nan da hantsi, a wani lungu na Abakpa da ke ɓullewa Unguwar Shanu, na tarar da samari uku a gindin darbejiya. Ɗaya ya hau katanga da dogon gora yana zungurar reshen da shirwa ta yi sheƙa, biyu sun saita waya. Shirwar ta tashi tana kuka, ta kawo masa sura har sau uku, fukafukanta na shafar hularsa. Da na yi magana, sai suka ce, "Baba, ai hoto ne kawai."

Wannan magana ta zama ruwan dare. A ganin mutane da yawa, muddin ba ka riƙe danƙo ba, to ba ka cuci tsuntsu ba. Ni kuwa na ce an cuce shi. Da rani shirwa ke kwanci a wajajenmu, kuma surar nan ƙwanta take karewa. Duk mintin da ta ɓata tana korar mai gora, ƙwan na nan a buɗe, rana na dukansa, ga hankaka a kan falwaya yana jira. Da idona na ga hankakan ya sauka a reshen kafin ta juyo. Wannan bai shiga hoton ba. Abin da zai hau Facebook shi ne "muguwar shirwa ta far wa yaro", gobe kuma a kakkaɓe sheƙar.

Masu manyan kyamarori ma suna da nasu laifin. Wasu kan kunna kukan tsuntsu a waya don namijin ya ɗauka abokin gaba ne ya shigo masa, ya fito a fusace. A gandun dajin gwamnatin tarayyar Amurka an hana wannan. Masu binciken tsuntsaye na cibiyar APLORI da ke dajin Amurum kusa da Jos, da 'yan sa kai da ke ƙidayar tsuntsayen Najeriya tun 2015, da haƙuri suke aikinsu.

Mai son hoton faɗa ya je inda mahauta ke zubar da tarkace. Shirwa da hankaka na kokawa a can kullum, ba wanda ya tsokane su.

Samarin Abakpa, ku ajiye goran nan. Iyaye, in kun gani ku tsawata.