Kafin A Sayi Oba-oba Ta Dijital, A Karanta Ƙa'idarta

Matasa masu sha'awar haɗa rediyon oba-oba na dijital sukan fara da sayen na'ura, daga baya su nemi sanin yadda take aiki. Wannan gaggawa ce ke cinye musu kuɗi. Takardar ƙa'ida ya kamata a fara buɗewa, ba aljihu ba.

Ɗauki DMR a misali, wanda hukumar ETSI ta Turai ta fitar a 2005. Takardunsa, masu lamba TS 102 361, kyauta ake sauke su a intanet. A ciki an bayyana cewa tasha ɗaya mai faɗin kilohaz 12.5 ana raba ta gida biyu ta hanyar karɓa-karɓar lokaci, kowane gida na samun milisakan 30. Hira biyu ke nan a tasha guda.

DMR mataki uku ne. Na uku kaɗai ne ke da rabon tasha kai tsaye, wanda kashi na huɗu na takardar ya yi bayaninsa. Kamar wayar salula yake aiki: mutum ya danna maɓalli, na'urarsa ta nemi izini a tashar kula, a ba ta wadda ba kowa a kai, ya gama a miƙa wa wani. Yawancin abin da masu sha'awa ke hawa a kai, irin su BrandMeister, mataki na biyu ne. Wanda bai san wannan ba zai sayi na'urar mataki na biyu, ya yi ta fama da ita a tsarin da ba za ta taɓa shiga ba.

Karatun zai kuma nuna masa abin da takardar ba ta ƙayyade ba, wato manhajar matse murya. Kamfanoni sun amince da AMBE+2, mallakar kamfanin DVSI na Amurka. Shi ya sa aikin M17, da aka fara a Poland a 2019, ya ɗauki Codec 2, wanda kowa zai iya duba lambobinsa ya gyara.

Gaskiya ne takardun na da tsawo, Turancinsu kuma da tsauri. Amma ba dole a cinye su a zama ɗaya ba. A fara da babin ma'anar kalmomi, sannan zanen yadda kira ke tafiya. Kafin a watsa ko da kalma ɗaya a iska kuma, sai an mallaki lasisi.