Koriyar Hula da Ƙaramin Takalmi: Me Ya Hana Kazaure Koyon Sinanci?

Yawancin atamfar da ake kasawa a kasuwannin Babura, Roni da Gwiwa daga masaƙun ƙasar Sin take fitowa, ta biyo ta Kantin Kwari. Bahaushe na ɗaura kayan Sinawa kullum, amma bai san yadda suke cewa "sanya" ba. Wannan sakaci ne, kuma yana da tsada.

Sinanci ya raba sanyawa gida biyu. Chuan ita ce ta riga da wando da takalmi, abin da jiki ke ratsawa ciki. Asalin ma'anarta hudawa, shi ya sa harafinta ya haɗa alamar rami da ta haƙori. Dai kuwa ta hula ce da tabarau da agogo da zobe. Wannan rarrabewa ba baƙuwa ba ce ga wanda ke zura riga, ya kafa hula, ya naɗa rawani, ya yafa mayafi.

Tarkon yana cikin karin magana. Idan Basine ya ce shugabansa ya sanya masa ƙaramin takalmi, chuan xiao xie, yana nufin ana gallaza masa a fakaice don ramuwa. Mutum biyu da suka sanya wando ɗaya, bakinsu ɗaya ne wajen ƙulla wani abu. Doguwar hula, dai gao mao, daɗin baki ne. Koriyar hula kuwa, dai lü maozi, laƙabin mijin da matarsa ke cin amanarsa ne. Ɗan kasuwar da ya ba abokin cinikinsa kyautar koriyar hula saboda launin tutar Najeriya ya zage shi da kuɗinsa. Manhajar fassara ta waya ba za ta ja masa kunne ba, domin ba ta ganin abin da ke cikin ƙunshin kyauta.

Masu cewa koyon Sinanci miƙa wuya ne su dubi ɗaya ɓangaren. Tun 1963 rediyon Sin ke watsa shirye-shirye da Hausa, kuma ana koyar da ita a jami'a a Beijing. Babu wanda ya ce Sinawa sun miƙa wa Hausawa wuya. Sun koya ne don su ji abin da ake faɗa a teburin ciniki. Wanda ya dogara da tafintan abokin cinikinsa, farashin da aka ga dama shi zai ji.

Cibiyoyin Confucius da aka buɗe a Awka da Legas sun yi wa Jigawa nisa. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi ta Kazaure ya biyo, kuma kamfanin Sin na CCCC na da kusan kashi ɗaya cikin uku na Mota-Engil mai gina shi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu ce ta fi cancanta ta ɗauki nauyin ajin Sinanci na ciniki, ta buɗe ƙofarsa ga ɗalibai da 'yan kasuwa baki ɗaya.