Haukan babin ƙarshe

Duk mai bin littattafan soyayya da ke yawo a wayoyin mata daga Gwandu har Kalgo ya san makomar muguwar kishiya tun labari bai kai rabi ba. Za ta je wurin boka, ta binne laya a bakin ƙofa, ta raba miji da amarya. A babin ƙarshe asiri ya karye ya koma kanta, sai ga ta a kan bola ba ɗankwali, yara na bin ta da jifa. Marubuciya ta rufe da hamdala, zauren WhatsApp ya cika da "Allah ya ƙara".

Wannan ƙarshen na sanyaya zuciyar mai karatu, amma wasu ne ke ɗanɗana kuɗarsa. Duk littafin da ya mayar da taɓin hankali sakayya, yana koya wa jama'a cewa wanda ciwon ya kama akwai abin da ya shuka.

A ɗauki mai jego a wani ƙauyen Gwandu. Kwana biyar da haihuwa barci ya ƙaurace mata, tana ta sambatu, ta ƙi ba jaririn nono, wai an musanya mata shi. Uwar miji ta ce, "Iska ce, a kira malam." Maƙwabciya ta taɓe baki: "Wa ya san abin da ta taka?" Alhali likitoci sun san ciwon sarai. Yana kama mace 1 zuwa 2 cikin 1,000 da suka haihu, galibi a makonni biyun farko, kuma mafi yawansu na warkewa idan aka kai su asibiti da wuri. Gidan da bai taɓa jin haka ba, abin da ya sani shi ne kulle ɗaki, in abin ya tsananta a sa mari. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure irin waɗannan marasa lafiya da sarƙa a sassan Najeriya.

Doka dai ta yi gaba. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da aka gada daga Turawa. Sai dai mata nawa ne suka karanta dokar? Littafin kuwa a daren da aka sake shi ake cinye shi.

Wani zai ce ƙagaggen labari ba takardar asibiti ba ce, kuma da gaskiyarsa. Ba wa'azi ake nema ba, gwaninta ake nema. Chinua Achebe ya gwada hakan a gajeren labarinsa The Madman, cikin tarin Girls at War na 1972. Wani magidanci mai mutunci yana wanka a rafi, mahaukaci ya sure masa zane, ya bi shi tsirara har cikin kasuwa, daga ranar gari ya yanke cewa shi ma ya zare. Babu likitan asibiti a labarin, amma mai karatu na tashi yana tambayar kansa wa ke raba wa mutane wannan suna.

Ba kuma sai marubuci ya yi faɗa da ruƙiyya ba. Dokta Thomas Adeoye Lambo, da ya fara tsarinsa na jinyar masu taɓin hankali a Aro ta Abeokuta a 1954, a gidajen mutanen ƙauye ya saukar da majinyata tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Nan gida ma, Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya bar littafin Masalih al-Insan, wanda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a wuri guda. Labari na iya ɗaukar addu'ar uwa da ƙwayar likita a shafi ɗaya, yadda gidaje da yawa ke yi.

Abin da ya rage shi ne marubuci ya taka da ƙafarsa. Akwai asibitin jiha a Kalgo, kusa da mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware ta jihar Sakkwato. Yini ɗaya a bencin jira zai nuna masa cewa farfaɗiya ba hauka ba ce, ciwon damuwa kuma ba ya yaga riga, sau da yawa mai shi yana zaune shiru a tsakar gida.

Daga nan zai iya rubuta wani babin ƙarshen. Mai jegon ta sauko daga motar Sakkwato da goyo a baya, katin asibiti a ƙulle a bakin zane, mijin na lissafin kuɗin motar komawa watan gobe, maƙwabciyar nan kuma ta tsaya a bakin zaure, ta rasa ko ta ce "sannu da zuwa" ko "ya jiki".