Kimchi ma daddawar wasu ce

1/ Jiya da dare a ɗakinmu na makaranta, wata ƙawata ta toshe hanci don na buɗe ƙullin daddawar da Inna ta aiko min daga Danwarai. Ba a yi minti goma ba ta kunna bidiyon abincin titi na Seoul tana haɗiyar yawu. Abin ya tsaya min a rai, bari in amayar.

2/ Ni ma fa ina kallon finafinan Koriya, kuma ina burin Allah ya kai ni kasuwar Gwangjang. Amma mu duba abin da ake ci a can. Bindaetteok da ake layi a kansa, wake ne aka markaɗa aka soya. Wallahi ɗan'uwan ƙosai ne.

3/ Kimchi kuwa kabeji ne aka sa wa gishiri da barkono da tafarnuwa aka ajiye ya yi tsami, dabarar tanadin abinci don lokacin sanyi. Mu ma haka kakanninmu suka yi da kuka da kuɓewa busasshiya da kilishi.

4/ Natto na Japan, waken suya ne aka bari ya ruɓa, yana yauƙi yana wari. Irin ƙwayar halittar da ke sarrafa shi ita ce ke aikin daddawar kalwa. Su suna ci da alfahari, mu muna ɓoyewa a ƙasan jaka.

5/ A 2013 UNESCO ta sa al'adar haɗa kimchi cikin jerin al'adun gado na duniya. A 2016 bikin kamun kifi na Argungu ya shiga wannan jerin. Jeri ɗaya fa! To a cikinmu 'yan Kebbi, mutum nawa ne ya taɓa leƙa gidan tarihin Kanta?

6/ Gwangjang tun 1905 take ci. Mai soya abinci a can tana da rumfa mai tsafta, farashi a rubuce, wurin zama, wuta da ruwa. A 2019 Netflix ta nuna kasuwar, baƙi suka ƙara tururuwa. Gyara da talla ne suka kai ta inda take.

7/ Mu kuma fa? Tireloli na lodin albasar Aliero zuwa kudu. Kasuwar Jega, hatsi da dabbobi da busasshen kifi sai wanda ya gani. Ga shinkafar fadama, ga masa da miyar taushe, ga fura da nono. Amma nemi bidiyo mai kyau a kansu, sai ka sha wuya.

8/ Na san za a ce ai babu tsaro, hanya ba kyau, wuta ba ta zama. Gaskiya ne, kuma wannan nauyin hukuma ne. Shi kansa bikin Argungu ya yi kusan shekara 10 ba a yi ba kafin ya dawo a 2020. Baƙo ba ya zuwa inda ransa bai kwanta ba.

9/ Sai dai raina namu ba gwamnati ce ta sa mu ba. Rufe abinci daga ƙuda da ƙura, wanke hannu, daina zuba miya mai zafi a leda, duk ba sa jiran kasafin kuɗi.

10/ Abin da nake tsoro: matan da suka iya daddawa da dakan fura suna tsufa, mu 'ya'yansu muna jin kunyar koya. Ran da suka tafi, sai dunƙulen kanti.

11/ Hutun nan in Allah ya yarda zan zauna gaban Inna da wayata, daga dafa kalwa har ranar da za a buɗe ta. Kai ma in ka je gida ɗauki naka, rubuta sunan abincin da garin. Ƙawata kuwa ta ci tuwo da miyar kukar nan, har da neman ƙari 😂