Ba Kowace Kazar Gida Ce Oganik Ba

Kaji ne suka biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare har wannan difloma da nake shirin gamawa. Shi ya sa duk lokacin da na ga 'yan ajinmu suna tallar "kaza oganik" a WhatsApp, sai abin ya tsaya mini a rai.

Kakata ce ta fara kiwon, da akurki ɗaya a bayan ɗaki da ɗan tsabar dawa. Duk hunturu fakat zai shigo ya kwashe rabin kajin, ta ce ƙaddara ce. Babanmu ya ga ba riba, ya gina ɗakin kaji a bayan gari ya zuba masu ƙwai. Sai ga murar tsuntsaye a 2006, wadda a Najeriya aka fara ganowa a wata gona a Jaji, Jihar Kaduna. Cutar ba ta shigo mana ba, amma mutane suka ƙaurace wa kaza da ƙwai. Kiret-kiret suka ruɓe, bashin abinci ya cinye jarin. Ni ina ƙarami lokacin, labari na ji, amma har yau Baba ba ya son a tayar da zancen.

Mama ce ta farfaɗo da sana'ar, da kajin Hausa. Suna fita kiwo a fili mai shinge, ana haɗa musu masara, dusa, ƙuli-ƙuli da garin zogale, da gara idan an samu. Amma fa ba irin na Kaka ba ne. Rigakafin fakat ba ya wuce lokacinsa, irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi. Kazar da ta yi ciwo a ware ta, a yi mata magani, kuma ba a sayar da ita ko ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin maganin sun cika.

To a nan nake da ja da abokaina. Mutum ya sayo buloila, ya riƙa zuba musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa kullum ko ba su da ciwo, sati shida ya sake su tsakar gida, ya ɗauki hoto, wai oganik. Haba! Wannan maganin a cikin mai ci yake ƙarewa, kuma da irin haka ƙwayoyin cuta ke daina jin magani.

Ko mu ba ma kiran namu oganik. Masarar da muke saya a kasuwa da takin zamani aka noma ta, kuma babu wanda ya zo ya tantance mu. Mama cewa take "kajin gida", shi ke nan. Kazarta sai ta yi wata biyar ko shida kafin ta kai sayarwa, dole ta fi tsada, wasu su yi tsaki su wuce. Duk da haka, sallar bara tun saura kwana huɗu zakarunta suka ƙare, mafi yawa tsofaffin kwastomomi ne suka kwashe.