Keken Jariri Ba Akwatin Lefe Ba Ne

A wani biki da na je cikin watan Afrilu a Kano, lokacin da zafi ke haura digiri 40, na ga keken jarirai a jingine a gefen rumfa, an lulluɓe shi ruf da bargo mai gashi. Na ɗauka kayan amarya aka ajiye. Sai da na ji wani ɗan kuka can ƙasa-ƙasa na yaye bargon, na tarar da jinjirin da bai yi arba'in ba, da hular ulu da safa da shawul, fuska ta yi jawur, gashin ƙeya ya jiƙe sharkaf. An kuma tokare shi a zaune da filo biyu, kan ya langaɓe, haɓa ta kwanta a ƙirji. Uwar tana can ana ɗaukar hoto. Da aka kira ta, cewa ta yi, "Anti, ai saboda iska ne, kuma kin san bakin mutane."

To, 'yan'uwana masu jego, ku saurara, don ba zan rufe ku ba. Wannan sakaci ne, ko da ƙauna aka yi shi.

Bargon nan da kike jefawa a kan keke, murhu kike haɗa wa ɗanki. A shekarar 2014 wata jaridar Suwidin, Svenska Dagbladet, ta gwada abin: ta ajiye keke a rana, zafin cikinsa digiri 22, da aka rufe shi da siririn mayafi sai ya kai 34 cikin rabin awa, ya kai 37 bayan awa guda. A Suwidin ke nan, ƙasar ƙanƙara. Ki ƙiyasta da ranar Sakkwato. Jariri ba ya iya daidaita zafin jikinsa kamar babba, ba ya iya ture bargo, kuma idan zafi ya galabaitar da shi ba lallai ya yi kuka ba. Shirun da kike yabo, kina cewa yaron ba shi da rigima, wani lokaci wahala ce. Idan sauro ko ƙuda kike gudu, akwai ragar keke. Idan rana ce, ki ja rumfar keken, ki nemi inuwa. Idan kuma kambun baka ne, addu'a ake yi wa yaro, bargo bai taɓa tare baki ba.

Sai maganar zaunar da shi, wadda ta fi ci mini rai. Iyayenmu ba su je makarantar unguwarzoma ba, amma ba za ki miƙa musu jariri ba sai kin ji "tallafe masa kai!" Sun san wuyansa bai yi ƙwari ba, kan kuma ya fi ƙarfin wuyan. In aka jingina shi a karkace, kan yakan faɗo gaba, maƙogwaron da bai wuce kaurin ɗan yatsansa ba ya lanƙwashe, numfashi ya ragu ba tare da an ji motsi ba. A Amurka, a 2019, kamfanin Fisher-Price ya janye wata kujerar barcin jarirai mai gangare, kusan miliyan 4.7, bayan mutuwar jarirai fiye da 30. Ke kuwa da hannunki kike haɗa gangaren da filo.

Har sai ya kai kamar wata shida, ya fara zama da kansa, jariri kwance yake so, a miƙe, rigingine, a kan katifa mai ɗan tauri da ta cika keken daidai. Ba filo, ba 'yar tsana, ba naɗaɗɗen tawul a gefen kai. In keken naki na gwanjo ne kuma bayansa ba ya kwantawa gaba ɗaya, ba na jinjiri ba ne, ki ajiye shi sai gaba. Kujerar mota da ake ɗorawa a kan wasu kekuna ma ba gado ba ce, shawarar masana ita ce kada ya wuce awa biyu a ciki, sabon haihuwa kuwa ƙasa da haka.

Ban ce keke haramun ne ba. Wadda aka yi wa tiyata, ko mai tagwaye, ta san ranarsa. Amma a goyo, bayanki ne ke ba ki labari: kina jin ɗuminsa, kina jin numfashinsa, in ya zame ki gyara majanyi ko kina tsakar daka. A keke idonki kaɗai ya rage masa, shi ma kin sa bargo a tsakani, kin miƙa wa 'yar aiki mai shekara goma tana tura shi a kan kwalbati kamar baro, ba bel, ba birki, jakarki mai nauyi kuma rataye a mariƙi tana neman kifar da shi ta baya. Maza kuma kada ku yi dariya. Kai da ka biya kuɗin keken kana taƙama, ka taɓa kwantar da bayansa ka ga inda ya tsaya?

Hannun jariri da ƙafarsa kan yi sanyi ko lafiyarsa ƙalau, shi ya sa ake ta lafta masa kaya. In ana son sanin ɗuminsa, ƙirji ko ƙeya ake taɓawa. Haka na kama hannun uwar nan ta wurin bikin na ɗora a ƙeyar ɗanta, ta janye da sauri tana salati. Muka cire hular da shawul, muka fitar da filon, na ce ta nemi ɗaki ta ba shi nono, kada wata ta ce a ɗura masa ruwa. Mai hoton yana ta kiranta, ba ta ko waiwaya ba.